Sharaɗin Hajiya Mabruka

Hantsi bai gama ɗagawa ba Hajiya Mabruka ta yi sallama a soron gidan Malam Ɗantani da ke Soron Ɗinki. Nana Hauwa na kan keken surfani, ta duƙufa a wuyan wata farar shadda, ƙarar keken ta hana ta ji. Sai da ƙamshin turare ya cika soron sannan ta ɗago kai.

Mahaifiyar Yasir ce. Shekara biyu ke nan Yasir yana zuwa wurinta, an kai gaisuwar iyaye, sa rana kawai ya rage, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa tako unguwar nan ba sai yau.

Ta zame daga kan kujera ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina kwana? Bismillah, mu shiga daga ciki."

"Nan ma ya isa."

Maza biyu da ke zaune a benci suna jiran rigunansu suka dubi juna, suka zura takalma suka fice. Hajiya ta bi su da kallo har suka ɓace, sannan ta dubi rigunan da ke rataye a igiya, ta dubi keken, ta dubi yarinyar da ke durƙushe.

"Ashe gaskiya ne. An faɗa min, na ce sai na gani da idona. Ke ce a bakin hanya, maza na shiga suna fita kamar tashar mota."

"Hajiya, aiki suke kawowa. Baba yana nan soron ciki, yana jin duk wanda ya shigo."

"Yana ji, amma ba ya gani."

Maganar ta soki Nana Hauwa har ƙahon zuciya. Ta sunkuyar da kai, ta cije leɓe.

"Ba faɗa ya kawo ni ba," in ji Hajiya, ta gyara mayafinta. "Ni ban ce ke mutuniyar banza ce ba. Amma tun kakanninmu da suka zo garin nan daga Gadamus, maza ke fita fatauci, mata na ɗaki. Ba a kaina za a fara ba. Duk Shahuci babu gidan da ba a zancen motar kansilan da ke tsayawa a ƙofar nan. Ɗa guda Allah ya ba ni namiji. Nan da Juma'a keken nan ya bar gidan nan, a rufe soron. In kin yi haka, ranar Asabar kawunnansa za su zo sa rana. In ba ki yi ba, kowa ya riƙe nasa."

"Hajiya, don girman Allah, da keken nan muke ci."

"Na faɗi abin da ya kawo ni. Ki gaida Malam."

Ta juya ta fita. Ƙamshin turarenta ya daɗe a soron bayan tafiyarta.

Nana Hauwa ta kasa tashi daga durƙuson. Daga soron ciki ta ji tarin mahaifinta, irin tarin da yake yi in yana son a san yana nan kuma bai san abin da zai ce ba.

A da, in ana zancen aikin hannu a babbar riga, sai an ambaci Malam Ɗantani. Aska takwas ɗinsa har daga Zazzau da Damagaram ake zuwa nema. Sai idonsa ya fara dushewa a hankali, har ya tafi gaba ɗaya a shekarar da matarsa ta rasu. Aka bar shi da 'ya'ya mata uku, Nana Hauwa ce babba, da kuma yayarsa Gwaggo 'Yardada da ta dawo gidan da zama. Shekarun ƙarshe na mulkin soja ba su manta da su ba. Ana wuni ba a ɗora tukunya ba. Nana Hauwa ta yi ɗinkin hula har yatsunta suka yi kanta, dillalai na karɓa a wulaƙance.

Da aka buga gangar siyasa, sai ta lura da abin da maɗinkan unguwar ba su kula da shi ba. Duk wanda ya fito takara, daga kansila har sama, babbar riga yake nema, kuma yau yake so ba baɗi ba. Aikin hannu wata uku yake ci. Ta kwashe kayan ɗakin da mahaifiyarta ta yi shekaru tana tara mata, kwalla da samiru da gado, har ɗan kunnen gwal ɗin da ta bar mata, ta sayar ta sayo tsohon keken surfani a hannun wani tela a Fagge. Ranar Gwaggo 'Yardada ta yi kuka kamar an yi sabuwar mutuwa.

Ba wanda ya koya mata. Ta ɓata yadi, ta karya allurai, wata rana allura ta ratsa farcenta ta fito ta ƙasa. Rigar farko da ta yi, mai ita ya jefa mata a fuska. Amma ta riƙa zama gaban mahaifinta yana kwatanta mata tsofaffin zane-zanensa, in ta yi ta miƙa masa ya shafa da yatsu ya ce nan ya karkace, ta farke ta sake. Kafin a rantsar da farar hula, sojoji su koma bariki, bencin soron ya daina zama babu mutum.

Yanzu ga shi an ce nan da Juma'a.

Gwaggo 'Yardada ba ta ɓoye farin cikinta ba. Tana tankaɗe a tsakar gida take magana.

"Ni dama haɗin nan bai taɓa kwanta min ba. Mutanen da ke ganin jininsu ya fi na kowa? Ko kin shiga, baiwa za su mai da ke. Ga Isyaku nan, sau nawa yana aiko min? Yaro ya zama kansila, ga mota, bai taɓa aure ba, kuma bai ce ki bar sana'arki ba."

"Gwaggo, don Allah ki bari."

"Ba zan bari ba. Kin sayar da kayan ɗaki, shekarunki ashirin da biyar, ƙannenki sun taso. So kike ku tsufa a gida ku uku?"

Washegari Laraba Alhaji Isyaku ya zo da kansa. Shekara biyu da suka wuce fetur yake sayarwa a galan a bakin titin Goron Dutse. Yanzu ya yi ƙiba, rigar da ke jikinsa ma aikin Nana Hauwa ce. Ya zauna a benci ya tura hula gaba.

"Malama Hauwa, na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba. Amma ni kin san ni, na san ki. Na tsaya a rana, kin zauna a kan keke, ba wanda ya ba mu kyauta. Ki amince min, in buɗe miki shago a Kwari, kekuna biyar, ki ɗauki ma'aikata."

"Na gode, Alhaji. Amma ka san da maganar wani a kaina."

"Wanin da uwarsa ta zo har gida ta ci mutuncinki?" Ya miƙe yana kaɗa mabuɗin mota. "Ki yi tunani. Kuma ki tuna, yawancin masu zama a bencin nan ni nake turo su. Ba gori nake miki ba, tuni ne kawai."

Yasir bai zo ba sai Alhamis bayan la'asar. Ruwa aka yi, lungun duk taɓo, ƙafar wandonsa ta jiƙe. Da ganin idonsa ta san bai samu nasara ba. Ya zauna a ƙarshen benci, ita tana kan kujerar keke.

"Jidda," ya ce, sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi. "Kwana biyu ina durƙushe a gabanta. Na kai Kawu, na kai limamin unguwarmu. Ta ce in na ƙara tayar da maganar, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen mayafi ta share, wasu suka biyo.

"To in mai da keken cikin gida. Gwaggo ta riƙa karɓar aiki a soro, ni ko ƙofa ba zan leƙa ba."

"Na faɗa mata haka tun shekaranjiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce matar ɗanta ba za ta yi wa ƙartin siyasa ɗinki ba, ko a soro ko a ƙuryar ɗaki."

"Ashe ba soron ba ne. Ni ce ba ta so."

Bai musa ba. Ya kafa ido a ƙasa.

"Akwai wata, ko?"

"'Yar ƙanwarta ce, a Goron Dutse. Tun ina yaro take wannan zancen. Wallahi, Jidda, ko kallon kirki ban taɓa yi mata ba. Shi ya sa nake roƙonki. Hajiya ta sa sharaɗin nan ne don ta tabbata ba za ki iya ba. Ki ba ta mamaki. Ki sayar. In an ɗaura, bayan shekara ɗaya ko biyu, in zuciyarta ta yi sanyi, ni da kaina zan sayo miki sabo."

"Kafin nan Baba ya ci me? Ƙannena su ci me?"

"Ni zan riƙe su. Na yi miki alkawari."

"Daga shagon turaren da mabuɗinsa ke ɗaure a bakin zanen Hajiya?"

Ya ɗago da sauri, ta ga maganar ta yi masa zafi, amma ta riga ta fita daga bakinta.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekara uku da suka wuce, wata Juma'a, na raka Baba bakin masallaci na tsaya daga nesa. Da aka idar yana tsaye yana jirana, wani mutum ya zo wucewa ya kama hannunsa ya danƙa masa sadaka. Mutumin da sarakuna ke aiko wa da riga. Kwana biyu ko ruwan koko bai sha ba, kuma daga ranar ya daina fita sai da na sa keken nan a soro. Yanzu shi ke zama yana shafa aiki yana cewa a gyara nan. Da shi ake yi. In na sayar, na mai da shi bakin masallacin nan, sai dai wannan karon hannun surukai zai jira."

Ta kifa kai a kan keken ta fashe da kuka. Yasir ma idonsa ya kawo ruwa, ya juya fuska wajen bango.

"To ni fa?" ya ce a hankali. "Ni ina za ki ajiye ni? Shekara biyu ban taɓa tunanin wata rayuwa da babu ke a ciki ba. Kin san ba zan iya saɓa wa mahaifiyata ba. In ta yi min baki, me zan zame miki? Ke kaɗai ce ke da abin da za ki iya saki."

"Ni kaɗai ce kullum ke da abin saki. Na saki makaranta, na saki kayan ɗakina, na saki ɗan kunnen Inna. Wannan ne kaɗai na taɓa riƙewa ya zauna a hannuna."

"Ya fi ni ke nan."

"Kar ka ce haka, don Allah kar ka ce haka. Wallahi da raina aka ce in bayar, da ya fi min sauƙi."

Aka kira magariba a masallacin unguwa. Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Gobe bayan an sauko daga masallaci Hajiya za ta aiko a duba. Zan yi ta addu'a, Jidda."

Da safiyar Juma'a Malam Ɗantani ya kira ta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa faɗar sunanta ba.

"Uwata, na aika a kira Tanko dillali. Ki sayar."

"Baba..."

"Ni na ci zamanina. Ba zan zama sanadin da za ki rasa mijin da kike so ba. Allah da ya halicce mu ba zai hana mu abin da za mu ci ba. Umarni nake ba ki."

Ba ta iya musu da shi. Tanko ya zo da mutum biyu da kurar ɗaukar kaya. Tana tsaye jikin bango ya duba keken, ya juya shi, ya yaba. Suka kwance bel, suka ɗaure kan da igiya, suka ɗaga.

Sai Malam Ɗantani ya fito daga soron ciki yana lalube.

"Ku dakata kaɗan."

Ya kai hannu ya samu keken, ya shafa shi tun daga kai har teburin, a hankali, kamar yadda yake shafa wuyan riga. Ya ɗauke wani guntun zare da ya maƙale, ya riƙe a tafin hannunsa. Sannan ya ja da baya ya ce, "To, ku tafi."

Ya juya zai koma, ya rasa ƙofar. A gidan da aka haife shi. Ya tsaya tsakiyar soron hannunsa a miƙe yana neman bango.

"Ku sauke," in ji Nana Hauwa.

Tanko ya dube ta. "Malama?"

"Na ce ku sauke. Na fasa."

"Uwata!"

"Ka yafe min, Baba. Yau ɗaya zan saɓa maka."

Da 'yar aiken Hajiya ta leƙo bayan sallar Juma'a, ƙarar keke ta tarar. Nana Hauwa ba ta ko ɗago ba, hawaye na ɗiga a kan yadin tana ture shi gaba. Ranar Asabar babu wanda ya zo.

A satin ta aika wa Alhaji Isyaku cewa ya yi haƙuri. Bai yi faɗa ba, amma bencin ya bushe. Aka yi kwana ashirin ba wanda ya kawo ko hula. Gwaggo 'Yardada ta daina yi mata magana sai ta hannun ƙannenta. A unguwa ana cewa ta yi biyu babu.

Ta ɗinka riguna uku da ragowar shaddar da take da ita, ta ƙunsa a zane, ta bi rumfunan Kwari da ƙafa. Wasu suka yi mata dariya, wani ya ce ta koma gida ta nemi miji. A rana ta huɗu wani dattijo ɗan Damagaram ya ɗaga rigar ya daɗe yana kallon wuyan, ya ce, "Wannan hannun Ɗantani ne. Yana raye?" Shi ya ba ta aikin da ya fi duk wanda ta taɓa samu. Ta ƙaro keke na biyu, ta ɗauki wata bazawara maƙwabciyarsu tana koya mata. Tukunya ta koma kan wuta sau uku a rana. Ita ce dai abincin ba ya wuce mata, ta rame har wuyanta ya fito. Sati bakwai ko a hanya ba ta ga Yasir ba.

Ranar wata Talata da hantsi A'isha ta shigo, ƙanwar Yasir, ƙawarta tun makarantar allo, wadda ta dalilinta suka san juna da Yasir. Tana rungume da ƙunshi a leda, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Hajiya ce ta aiko ni. Wallahi na ce ba zan zo ba, ta rantse."

Ta ajiye ƙunshin a kan teburin. Shadda ce ruwan madara, mai tsada, sai sheƙi take.

"Ta ce tunda keke kika zaɓa, kuma an ce duk birni babu kamarki, to ki yi wa ango aska takwas. Juma'a ta sama za a ɗaura." A'isha ta fashe da kuka. "Yaya bai san an kawo nan ba. Ko magana ya daina yi a gidan. Ki ce ba za ki yi ba, Nana, ni zan mayar."

Nana Hauwa ta daɗe tana kallon shaddar. Ta dafa teburin.

"Ki ce mata a zo a karɓa Laraba ta sama."

Bayan fitar A'isha, Malam Ɗantani ya lalubo ya zo. Ya taɓa shaddar, ya murza gefenta da yatsu.

"Na ji komai. Mayar musu, Uwata. Wannan ba aiki ba ne, cin fuska ne."

"Baba, shekara arba'in kana soron nan. Ka taɓa mayar da aikin da aka kawo maka?"

Ya saki shaddar.

"Ban taɓa ba."

Ta warware shaddar ta shimfiɗa, ta ninka biyu, ta ɗauki alli. Ba ta nemi awo ba. Ta zana wuyan, ta goge, ta sake zanawa, don hawaye sun hana ta ganin layin. Ta ɗauki almakashi ta buɗe bakinsa a kan zanen.

Aka yi sallama a ƙofar soron, da ƙarfi, muryar wanda ya sha gudu. Ta gane ta tun kafin a rufe baki.

"Jidda! Kar ki yanka!"

Ta ɗago. Yana tsaye a bakin ƙofa babu hula, yana haki, A'isha na bayansa. Ya dubi fuskarta, sannan ya dubi teburin.

Almakashin ya riga ya ratsa shaddar har tsakiyar wuya.